Falmata ba ta faɗi jarrabawa ba

Da daminar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, kuma har yau akwai masu cewa baƙin cikin faɗuwa jarrabawa ne ya kashe ta. Na gaji da haɗiye wannan magana. Ciwon hanta ne ajalinta, jarrabawa kuwa ba ta taɓa faɗuwa ko ɗaya ba.

Ga inda ƙaryar ta samo tushe. Mu manoman tattasai ne, gonarmu tana bakin kogin Komadugu, ba nisa da Diffa. A wajenmu duk ɗan makarantar da ya ci jarrabawarsa a gida yake babban hutu, domin lokacin dashe ne, ana neman kowane hannu. Wanda bai dawo ba, kowa ya san dalili: ya faɗi, an tsare shi ya sake. Ba a ma tambaya.

A shekararta ta biyu a jami'a a Yamai aka zaɓi Falmata cikin wani ɗan aji da ake ware wa waɗanda suka fi hazaƙa. Darussansu sun fi na kowa nauyi, kowa da binciken kansa, kuma rabin hutu a can suke cinye shi. Ita ta zaɓi bincike kan cutar nan da ke nannaɗe ganyen tattasai ta hana shi ƴaƴa. Ta kira Baba a waya tana murna.

Baba ya ce, "To Falmata, in kin fi su, don me za a ƙara miki karatu? Ai wanda ya gama aikinsa gida yake tafiya."

Kafin a gama dashe magana ta zaga gari. Inna ta ɗauke ƙafa daga gidajen suna. Da Falmata ta zo a ƙarshen hutu, wata maƙwabciyarmu, Hajiya Kaltum, ta shigo takanas ta yi mata jaje. Falmata ta durƙusa ta karɓa, ta ce, "Na gode, Hajiya. Ki taya ni da addu'a, baɗi ma su sake tsare ni." Ni na cika na yi fam, ita kuwa tana shiga ɗaki ta fashe da dariya. Ta ce in bar su, ranar da ta gama za su gane. Ba ta kai ranar ba.

Da za ta leƙo yau, me za ta ce? Diffa ta cika da ofisoshi da motocin ƙungiyoyi, kowa na son ɗansa a ciki, amma har yanzu muna auna karatun yaro da ranar da ya sauko daga mota. Na san dariya za ta yi. Ni ban gaji haƙurinta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bana an zaɓi autarmu Yagana cikin irin wannan aji. Inna ta ce mata, "Ki ce musu kin gode, ki taho gida. Ba zan iya da bakin mutane sau biyu ba." Yarinyar har ta fara haɗa kaya. Na je na sami Baba, na faɗa masa in Yagana ta bar wannan wuri don tsoron surutu, to mu da bakinmu mun gaskata abin da aka faɗa kan Falmata. Sai ya ce, "Wa zai yi rabonta na dashe?" Na ce ni. Koyarwa nake, hutuna a hannuna yake.

Falmata ba ta bar digiri ba, ba ta bar ɗa ba, cutar ganyen ma tana nan tana cin gonaki. Abin da ta bari shi ne taurin kan da ya sa ƙanwarta ke zaune a aji yanzu, ni kuma ƙuguna na ciwo da aikin mutum biyu, kuma ban yi nadama ba.

Makon jiya muna dashe wata mata ta tsaya a bakin gona, ta ce, "Ina Yagana? Allah sarki, ita ma?"

Na miƙe zan ba ta amsa, sai na ji muryar Inna daga bayana, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Zaɓar ta aka yi. Yayarta ma zaɓar ta aka yi."