Rumbun Mai Hoto

Shagona na ɗinki da na Mai Hoto bango ɗaya ne ya raba su, tun muna da baƙin gashi. Taurin kai ne da shi na bugawa a jarida, amma yana da hali ɗaya da nake sara masa: duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa, ba ya zubar da fuskarsa. In an yi rasuwa dangi su zo, ya lalubo hoton mamacin ya wanke musu kyauta.

Da mai gida ya raba masa shago biyu, akwatunan tsofaffin fim suka rasa wurin zama. Sai ya kwafe hotunan kaf ya zuba a rumbun intanet da wani kamfani ke ba 'yan kasuwa haya, ya ƙone fim ɗin a bayan shago. Na ce masa, "Yanzu hatsinka za ka zuba a rumbun wani?" Ya ce, "Tela, tsaya a kan allurarka."

Bara kamfanin ya ce ya daina ba da hayar rumbu shi kaɗai, sai an haɗa da tarkacen manhajojin ofis, irin na masu ma'aikata da ɗakin taro. Mutumin da ba shi da ma'aikaci sai fanka. Abin ya fi ƙarfinsa, dole ya kwashe kayansa kafin wa'adi. Ya zauna gaban kwamfuta yana ta saukewa, aiki na sauri, har yana min gori wai ya fi keken ɗinkina gudu. Ashe ƙananan hotunan leƙe yake kwasa, waɗanda ake nuna maka kafin ka buɗe na ainihi. A allo ras suke. Wa'adi ya cika aka rufe rumbu.

Bai farga ba sai da wata tsohuwa ta zo neman hoton ɗanta direba da mota ta kife da shi. Babba take so, na ratayawa a bango. Ya faɗaɗa hoton, fuskar ta tarwatse ta koma dabbare-dabbare. Ya buɗe na wani, haka. Na wani ma haka. Ina bakin ƙofa ina kallo. Wallahi na so in ce ai na faɗa maka, amma na fasa. Ya kira kamfanin, na'ura ta yi ta ba shi haƙuri tana sa masa kiɗa.

Ƙarshe ya wanke mata hoton yadda yake, bai fi farcen babban yatsa ba. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Idona ya yi rauni, ɗan nan," in ji ta. "Yana dariya a ciki?"

Mai Hoto ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

"Yana dariya, Inna."

Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta sa masa albarka ta fita. Na ce, "Da gaske yana dariyar?"

Bai ɗago kai ba. "Tela, ko shi ne ma ban sani ba."