Layin da Yaya Ya Haddace

Ni mutum ne da ko a zaman makoki sai an harare ni kafin in kama bakina. A tashar Birnin Gwari cewa suke da a ce da surutu ake tuƙa mota, da na kai Makka na dawo ban sha fetur ba. Amma shekarar da mutanen daji suka ɗauke yayana a gonarsa ta wajen Kakangi, ni kaina barkwancina ya daina yi mini daɗi.

Ranar ya bar wayarsa a gida tana caji. Lambarsa kaɗai ya haddace, ita ya ba su, ta nan suke kiranmu, in sun ga dama su bari mu ji muryarsa. Inna, mahaifiyarmu, ta ƙulle wayar a bakin zani. Ko alwala za ta yi, wayar na kan turmi tana kallonta.

A garinmu kowa ya san ladabin baƙuwar lamba. Ka ɗauka da sauri, ka yi ƙasa da murya, duk abin da aka ce ka ce to. Mai musu gawa ake kawo masa.

Wata rana da hantsi ina kasuwa, baƙuwar lamba ta kira. Mai magana ya gaida Inna kamar ita ta goya shi.

“Hajiya, daga kamfanin layi ne. Na’urarmu ta nuna layin nan ya samu matsala, yau za a rufe shi. Karanto mini lambobin da muka turo in gyara miki.”

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san lambobi. Ta karanta masa, ya yi ta tambaya tana amsawa, har ta sa masa albarka. Kafin la’asar sabis ya ɗauke. Na ce halin garinmu ne. Na hau katanga, na hau tudu, saura kaɗan in hau hasumiyar masallaci. Wayar kowa na kamawa, ban da tamu.

Na bi motar Kaduna, hanyar da ko direba da salati yake tuƙi. A ofishin kamfanin layin, wata ma’aikaciya ta duba ta ce an ɗauke layin an mayar kan wani sim.

“Baba, mu ba ma kiran kowa mu ce ya karanto lamba. Duk wanda ya ce haka, kashe wayar kawai.”

“’Yata, a garinmu ba a kashe wa baƙo waya. Dawo mana da shi.”

“Sai mai layin ya zo da kansa, ya dangwala yatsa.”

“To bari in shiga dajin Kamuku in aro shi na yini guda, in mayar musu kafin magariba.”

Ta fara dariya, sai ta kalli fuskata ta daina. Ta ba ni haƙuri, ta kira wanda ke bayana.

Da na dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na soma ba ta labarin hanya, ina ƙara gishiri yadda na saba, ko ta murmusa.

“Bar wannan,” in ji ta. “In ya kira, wa zai ɗauka?”

Na ce ban sani ba.

Damina ta wuce, wani ya girbe gonar. Duk wanda aka sako daga dajin sai na je na kwatanta masa yaya, tsawonsa da wushiryarsa. Wasu su ce kamar sun gan shi, wasu su girgiza kai. Ba mu sani ba ko sun kira sun gaji, ko wani ne can yake amsa musu da sunanmu.