Injin Ƙarshe na Orlin Tjaden

A garinmu da ke arewacin Iowa babu wanda bai san Lavonne Tjaden ba. Ita ce ke tuƙa motar makaranta mai bin hanyar gonakin yamma. Yaran da ta fara ɗauka su ne yanzu ke tsayawa bakin titi riƙe da hannun nasu 'ya'yan suna jiran ta. Doguwar mace ce marar yawan magana, furfura ta fito mata da wuri kuma ba ta taɓa rina ta ba. Wanda ya daɗe a waje ya dawo zai tarar an rufe kantin kayan ƙarfe, gidan sinima ya koma rumbun taki, amma Lavonne tana nan yadda ya bar ta: ranakun aiki a bayan sitiyari, Asabar da yamma a filin tsere.

Filin namu 'yar da'ira ce ta baƙar laka a bayan gari. Daga Afrilu zuwa Satumba manoma da masu walda da direbobin tirela ke jawo motocin da suka haɗa da hannunsu, su yi ta zagaye a karkace suna watsa wa 'yan kallo ƙasa. Babu mai ci da iyalinsa da wannan. Abin da aka ci ko tayoyi ba ya saye.

Motar gidan Tjaden fara ce mai jan layi. Mijin Lavonne, Orlin, shi ya tuƙa ta har bayansa ya ƙi, sannan ɗansu Darrin ya gaji kujerar. Kowa da aikinsa. Merle, ƙanin Orlin, shi ke miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, shi ke kuma yin surutun gidan gaba ɗaya. Lavonne ke kankare laka da auna iskar taya. Orlin kuwa inji ne nasa. In an fara tsere sai ya je ya tsaya jikin wayar shinge a miƙaƙƙen layin baya yana yi wa Darrin ishara, don direba ba shi da madubi, bai san abin da ke bayansa ba. In Orlin ya ware hannuwa, to akwai tazara. In ya matso da su, wani na dab da kai.

Akwai wata doka a filin wadda komai na wannan labari ya rataya a kanta. Duk motar da ta gama a cikin huɗun farko, wani direban da ya gama a baya yana da ikon karɓar injinta nan take, a kan ɗan farashin da aka yanke tun farkon shekara, wanda bai kai abin da aka zuba a cikinsa ba. An yi dokar ne don kada mai kuɗi ya sayo inji mai tsada ya danne kowa. Wanda ya ƙi bayarwa a soke duk makinsa na shekara, a dakatar da shi, a kuma yi ta nuna shi da baki a coci.

Orlin na son dokar nan. An karɓe masa injuna da yawa, shi ma ya karɓi na mutane ba kunya. Ranar da aka karɓi nasa, yana fito da baki yake komawa gida.

"In ba wanda ya nemi injina, ai aikin banza na yi ke nan," haka yakan ce. Kuma kullum sai ya bi wanda ya karɓa har gindin motarsa ya ce masa, "Ba ya son sanyi. Ka bar shi ya ɗumama kafin ka taka shi."

A watan Fabrairu, dusar ƙanƙara ta toshe rabin ƙofar gareji, Lavonne ta kai masa kofi da hantsi. Ta same shi zaune a kan kifaffen bokiti, ya jingina da bango, tsumma a hannunsa. Sabon injin na kan mazauninsa an gama shi kaf, har an goge. Rediyo na faɗin farashin masara. Ta kira sunansa, ta taɓa wuyansa. Sai ta ajiye kofin a kan benci, ta kashe rediyon, ta je ta buga waya.

Ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan a coci bai zo ba, ta jira shi a makabarta. Abin da ta tuna na ranar jana'iza shi ne igiyar takalmin fasto ta kwance. Maƙwabta suka cika firji da kwanonin abinci, ta wanke kowanne ta mayar wa mai shi. Ran Litinin ta koma motar makaranta. Mutane suka ce tana da ƙarfin hali. Ita dai ji take kamar an yi mata allurar kashe zafi ta cire haƙori, amma a dukkan jikinta, kuma ta ƙi sakin ta.

Asabar ta farko ta Afrilu aka yi wa Orlin abin da ake yi wa duk wanda ya rasu a cikinmu. Motoci suka jeru bibbiyu suna zagaye a hankali, aka bar gurbin farko ba kowa, jama'a suka miƙe suka cire huluna. Lavonne ta kalli gurbin, ta kalli motarsu, ta lura tayar baya ta hagu kamar tana son iska.

Da aka kaɗa tuta ta je ta tsaya inda Orlin ke tsayawa, don ba wanda ya ce wa zai tsaya. Injin ya yi kyau. Darrin ya taso daga can baya yana wuce motoci, har ya shiga na huɗu ana saura kaɗan a gama. Lavonne ba ta shirya komai ba. Ta dai ga hannunta ya fita ta saman waya, tafin yana kallon ƙasa, yana dannawa a hankali. Wannan ishara ba ta cikin na Orlin, amma Darrin ya gane. Ya sassauta totur, wata mota ta wuce shi, ya gama na biyar.

Da ya cire hular kwano ya ce, "Mama, me kika gani? Hayaƙi nake yi?"

"Ban ga komai ba."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kalli bonet. Bai ƙara tambaya ba.

Haka aka shiga damina. Masara ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa, ta fitar da gemu. Kowace Asabar Darrin ya taso har bakin na huɗu, hannun uwarsa ya danna ƙasa, ya tsaya nan. Wata rana na shida, wata rana na biyar. Mai magana a lasifika ya fara kiran sa "Na Biyar Tjaden", yara suka ɗauka.

Gene Hruska, mai gonar shanu wanda ya yi shekaru yana karɓar injin Orlin, Orlin na karɓar nasa, ya biyo ta wajensu wata Asabar yana cin dafaffiyar masara.

"Darrin, birkin nan naka a ina ka saye shi? Ya fi na kowa ci a filin nan."

"Kai da ka fi wata biyu ba ka ga bayan motar da ta wuce ta takwas ba," in ji Merle. "Je ka ci masararka, tsoho. Kuma in gyaɗa ce a aljihunka, kada ka matso mana kusa da mota, ka san an ce rashin sa'a take kawowa a filin tsere."

"Ni na isa in kawo muku gyaɗa? Rashin sa'arku ai a gida kuke dafa ta." Ya yi dariya, sai idonsa ya faɗa kan Lavonne tana durƙushe tana kankare laka. Dariyar ta tsaya. Ya taɓa bakin hularsa ya wuce.

Kowa ya gane, ba wanda ya faɗa. Merle kaɗai ya gwada, shi ma da wasa.

"Lavonne, da yayana zai leƙo ya ga abin da muke yi da injinsa, da ya jefe mu da sifana."

"Miƙo min abin auna iska," ta ce.

Ba wai injin na sa ta ji wani abu ba ne. Da safe takan shiga gareji ta tsaya kusa da shi, ta shaƙi warin baƙin mai, ta ga zanen da Orlin ya yi da alli mai ruwan ɗorawa a jikin murfi. Ba ta jin komai. Sai dai a ranta ta sa cewa duk abin da ya kamata ta ji yana nan a ciki, yana jiran ranarsa, in aka tafi da injin an tafi da shi.

A watan Agusta, suna zaune a bayan a-kori-kura suna jiran a jiƙa fili, Darrin ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Mama, in ajiye shi kike so, mu cire shi. Mu sa shi a falo kusa da talabijin, ki shimfiɗa masa kyalle. Ni in nemo wani ko na juji ne in yi tsere kamar mutum."

"Don gudu ya haɗa shi."

"To ki bar shi ya yi gudun mana."

Ta juya tana kallon motar ruwa na zagaye.

"Ni ma ubana ne," ya ce. Ya diro ya tafi saka kayansa. Ranar ma na biyar ya yi.

Tseren rufe shekara ya faɗo a Satumba. Ruwa ya hana ranar Asabar, aka ɗage zuwa Lahadi bayan coci. Rana ta busar da laka ta yi ƙyalli da santsi. Darrin na na biyar kamar kullum sai motoci biyu da ke gabansa suka sarƙe a kwana, suka yi waje. Aka ɗaga tutar dakatawa, aka sake jera su. Yanzu shi ne na uku. Yana wucewa a hankali ya juyo da hular kwanonsa wajen waya.

Lavonne ta san sai ya bari mota biyu sun wuce shi. Ta riƙe waya da hannu biyu tana jiran a sake su kafin ta danna masa hannu.

Aka sake su. Darrin ya fito daga kwana ya taka totur har ƙasa don kada a bi ta kansa, injin ya buɗe murya a dab da ita. Tun Afrilu take jin sa, amma ba ta taɓa jin wannan muryar ba. Can sama take, siririya, ba gargada, ta shiga ta wayar ta hau yatsunta. Ta tsaya tana saurare kamar mai son gane waye ke magana a ɗaki na gaba. Ya zagayo ya dube ta, hannuwanta na kan waya. Ya sake zagayowa ya dube ta. Daga nan bai ƙara dubawa ba. Ya gama na biyu.

Motoci huɗun suka tsaya gaban jama'a inda ake jira, injuna na ƙas-ƙas suna hucewa. Alƙalin fili ya tsaya da agogo a hannu. Lavonne ta tako ta tsakiyar fili ba gaggawa. Kafin ta iso, Gene Hruska, wanda ya gama na shida, ya riga ya miƙa wa alƙali kuɗinsa. Wasu 'yan kallo suka fara yi masa ihu. Ya cire hula ya nufo ta.

"Lavonne, zan iya ce miki don kada baƙo ya tafi da shi na yi. Amma ƙarya ne. So nake. Tun Afrilu nake jin sa yana shaƙe."

"Kai, Gene, ba ka da kunya," in ji Merle, amma muryarsa ba ƙarfi.

Alƙali ya ce, "Darrin, ka bayar ko ka ƙi?"

Darrin na zaune a tagar mota, gumi ya yi layi a ƙurar fuskarsa. Uwarsa yake kallo.

"Merle, kawo sarƙa," ta ce.

Suka cire shi da zafinsa, yadda ake yi. Darrin ya kwanta ƙarƙashi yana kwance notuna, Merle na jan sarƙa, Lavonne na tsiyaye ruwan lagireto a bokiti. Da injin ya taso yana lilo a iska, ta sa tafin hannunta a gefensa ta tare shi don kada ya bugi ƙarfe, ta raka shi har bayan motar Gene.

Gene ya ɗaure shi da igiya, ya tsaya yana murza hularsa.

"Ba ya son sanyi," ta ce masa. "Ka bar shi ya ɗumama kafin ka taka shi."

"Na sani," in ji Gene. Ya juya mata baya da sauri yana duba igiyar da ya riga ya ɗaure.

Ita ta tuƙa su gida. A madubi tana ganin motar tseren a kan tirela, gabanta ya ɗan ɗaga sama tun da ba nauyi. Darrin ya yi barci da ƙaramin kofin na biyu a cinyarsa. Ta jira ta ji wani abu. Gonaki suka yi ta wucewa.

Washegari da sassafe ta hau motar makaranta, ta kunna, ta bar ta ta ɗumama. Da ta kama sitiyari sai ta saki da sauri. Ta juya hannun ta duba. Tafin ya tashi fari, ya ɗuri ruwa, shatar ƙarfen injin kwance a tsakiyarsa. Zafi yake yi sosai, har cikin gwiwar hannu. Ta daɗe zaune tana kallon sa tana jin zafin. Sannan ta naɗe shi da hankici, ta sa giya, ta kama hanyar gonakin yamma.