Ranar da Dilawar Ya Ci Ƙaguwa

A shekarar 1969 na fara sanin Jusab, shekarar da kamfanin jiragen ruwan da nake yi wa akawu ya ɗora mini zagayawa da baƙi a Karaci. In jirgi ya tsaya sauke kaya, ni ke kai matan manyan jirgin kasuwa su sayi mayafai da kayan tagulla, su hau raƙumi a bakin teku, da la'asar kuma mu gangara kwatar Kemari cin ƙaguwa. Jiragen katako ne a jere, an shimfiɗa musu dardumai, masu su suna ta kiran baƙi. Jusab kaɗai ba ya kira. Yana tsugune gaban risho da wani baƙin kasko da ya gada daga ubansa, ƙamshin tafarnuwa ne ke yi masa talla.

Mutumin tsibirin Baba ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba. Yakan ɗaga ƙyallen jirgi iska ta kai su inda ruwa ya kwanta, ya ba kowane baƙo zare da kan kifi a ɗaure. Abin da ya hau zaren shi zai dafa nan take, da albasa da tumatir da barkono, a ci da gurasa mai zafi. Doka ɗaya gare shi. "Wadda ba ta kai wa yatsana cizo ba, ba ta shiga kaskona," in ji shi. Matacciyar ƙaguwa teku yake mayar wa.

Baƙi kuwa ba da ƙafarsu suke zuwa kwata ba, direbobin tasi ke kwaso su daga otal, kowane mai jirgi ya ba direba la'adarsa. Babban direbobin shi ne Dilawar, dogo mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda bai taɓa sa ƙaguwa a baki ba. Gizo-gizon ruwa yake ce mata, ko warinta ya ji sai ya tofar da yawu. Da fari shi da Jusab abokai ne. Wata safiya da ruwan sama ya cinye titunan gari, naƙuda ta zo wa Hurbai matar Jusab da gardama, aka rasa motar da za ta kai ta asibiti. Dilawar ne ya kutsa da tasinsa cikin ruwa har gwiwa, ya kai ta da rai ta haifi 'ya mace, injin ya lalace, bai kuma karɓi ko sisi ba.

Kwaɗayi ne ya raba su. Da baƙi suka yawaita, Dilawar ya ce rabin kuɗin kowane baƙo nasa ne. Sauran masu jirage suka sunkuyar da kai. Jusab ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Haba Dilawar Bai, kai a gwangwanin mota ka ɗauko su, ni teku nake kai su. Ina gwangwani ina teku?" Kwata ta kwashe da dariya. Dilawar bai yi ba.

Ba a jima ba wani Bature ma'aikacin jirgi, wanda ya sha ya yi tatil tun kafin ya hau, ya sauko daga jirgin Jusab yana amai. Kashegari labari ya zagaye ƙofar kowane otal: Jusab matattun ƙaguwa yake tsinta a bakin magudanar gari, ya kusa kashe baƙo. Dilawar ya rantse da idonsa ya gani. Daga ranar tasi ba ta ƙara tsayawa gaban jirgin Jusab ba. Ni na ci gaba da kai masa nawa baƙin, amma baƙin akawu ɗaya ba sa riƙe gida.

Shekaru suka shuɗe haka. Jirgin da matan manya ke zama a ciki ya koma jigilar 'yan dako da awaki zuwa tsibiri. Awarwaron zinariyar Hurbai ya tafi ɗaya bayan ɗaya, ƙyallen jirgi ya sha faci da buhun fulawa. Duk da haka kullum da yamma Jusab sai ya goge kaskon nan da toka har ya yi sheƙi, ko da ba abin da aka dafa a ciki. In tasin Dilawar ta wuce, ba ya zagi, idonsa ne kawai ke bin ta har ta ɓace. Na ce masa ya kai ƙara wurin dattawa. Ya kira sunana ya ce, "Lobo Sahib, da bakinsa ya ɓata sunan kaskon ubana. Da bakin nan zai wanke shi, a nan kwatar, kowa na kallo. Ban da wannan ba na son komai."

Ran nan sai labari ya iso kwata cewa an sa ranar auren Ruksana, 'yar Dilawar, kuma uban ango, wani dattijo mai gonakin auduga daga Multan da ake kira Miyan Barkat, ya zo gari da ayarinsa sayayyar biki. Jusab ya sa fararen kayansa na Idi ya tafi masaukinsu. Ya gaida dattijon ya ce shi tsohon abokin surukinsa ne, akwai alherin da Dilawar ya taɓa yi masa, yana roƙon a bar shi ya karrama baƙin abokinsa da yawon teku ranar Juma'a. Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Miyan Barkat, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba, ya yi murna kamar yaro. Uban amarya kuwa ba ya ce wa uban ango a'a, ko da wuta aka gayyace shi.

Juma'a da la'asar kwata ta cika da direbobi da masu jirage. Ina wurin, don Jusab ya aiko mini in zo. Dilawar ya hau jirgin fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Jusab bai kwance igiya ba. Ya ce gara baƙi su ɗan taɓa wani abu kafin iska ta taso, ya ɗaga kwandon da ke rataye cikin ruwa, ya riƙa zaro ƙaguwa yana nuna wa jama'a kowacce tana wutsil-wutsil. Risho ya kama, ƙamshi ya game kwata.

Ya cika faranti da manyan cikinsu ya ajiye gaban Dilawar. "Mai gari ke fara ci, baƙo ya samu natsuwa. Bismilla, ɗan'uwa."

"Na ƙoshi," in ji Dilawar.

"Ka ƙoshi?" Jusab ya ɗaga murya yadda na kan tudu za su ji. "To gaya wa Miyan Sahib abin da ka daɗe kana gaya wa baƙi game da girkina. Kai ka fi kowa sani."

Miyan Barkat ya dubi surukinsa yana murmushi, yana jiran yabo. In Dilawar ya maimaita ƙaryarsa, to ya kawo dangin ango cin mushe ke nan. In ya ƙi ci, dattijon zai nemi dalili, ga bakuna ɗari a shirye su ba shi. Gumi ya karyo masa.

"Ba kamarsa a Kemari," ya faɗa ciki-ciki.

"Iska ta kwashe, ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

"Na ce ba girki kamar naka a duk Kemari!"

"Mai tsabta ne?"

"Mai tsabta ne."

"To ci."

Ya ci. Ya fasa ɓawo, romo na bin gashin bakin nan, ido ya kaɗa ya yi ja. Ya gama, Jusab ya ƙara masa. Wani direba daga sama ya yi kira, "Ustaz, yaya gizo-gizon? A ƙaro gurasa?" Dariya ta ɓarke har kan tudu. Miyan Barkat ya ɗauka wasan mutanen birni ne, ya yi ta tafa hannu yana tsotsar ƙafar ƙaguwa. Sai da farantin na biyu ya ƙare Jusab ya kwance igiya.

Kafin wata ya ƙare tasi sun dawo gaban jirginsa, ba wanda ya ƙara yi masa maganar rabi. Dilawar bai sake taka kwata ba, ya koma jiran fasinja a tashar jirgin ƙasa. Auren Ruksana kuwa an ɗaura shi lafiya, don a duk yawon tekun nan Jusab bai gaya wa dattijon komai ba.

Na tambaye shi daga baya. Na ce kalma ɗaya ce ta rage, da ya faɗi wane irin mutum ne surukin, da auren ya watse, da ramuwa ta cika. Ya ci gaba da goge kaskonsa.

"Ranar ruwan nan Dilawar ya kawo mini 'yata duniya da uwarta," in ji shi. "Na bar masa tasa. Yanzu ba ya bina, ba na bin sa."

Ya ɗaga kaskon ya duba shi a hasken rana, ya rataye shi a ƙusarsa.