Reshen da Aka Ce na Ɗan Lokaci Ne

'Yar Tela ake kiranta a gida, ko da yake rabonta da allura tun tana firamare. Aikin da take ci da shi kula da kwamfutoci ne a wani kamfanin buga takardu, a hawa na biyu, cikin ɗakin da fankarsa ke kuka kamar za ta faɗo. Amma wanda ya cinye mata hutun rana da ranakun Asabar shekara bakwai ke nan, babu wanda ya sa ta, babu kuma mai gode mata, shi ne haɗa manhaja a saka a rumbu.

Rumbun nan wuri ne a intanet inda dubban kwamfutoci ke ɗibar manhajojinsu. Wani zai rubuta manhaja ya watsar da ita yadda ta zo masa, irin su 'Yar Tela su ɗauko, su daidaita ta da sauran kayan rumbu, su ƙulle ta yadda mai amfani zai danna sau ɗaya ta zauna daram. In ta yi kyau, wanda ya rubuta ake yabo. In ta fashe, wanda ya haɗa ake nema.

Manhaja tara take riƙe da su, amma ɗaya ce ta jawo ta cikin sana'ar, wato mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Yayanta makaho ne, malamin tarihi a wata sakandare, kuma da muryar nan yake duba aikin ɗalibai ɗari da ashirin. Kwamfutocin makarantar duk daga rumbun suke sha, an kuma hana saka komai daga waje. Ranar da aka sabunta su, abin da babu a rumbu babu shi a teburin Yaya.

Ran wata Litinin, tana cikin ciro takardar da ta maƙale a injin, saƙo ya shigo daga mutumin da ke tantance kayan rumbu, wanda kowa ke kira Mai Gadi. Gajere ne kamar kullum. Manhajar karatu ta dogara da wani reshen laburare da ba na asali ba. An gano ɓarakar da masu kutse za su iya shiga ta cikinta a laburaren, an toshe a na asali, ba a toshe a reshen ba. Ranar Juma'a za a rufe ƙofar sabuwar fitowar kayan rumbu. In ba ta raba manhajar da reshen ba kafin lokacin, za a cire ta.

Laburare a bakin masu wannan aiki ba ɗakin littattafai ba ne. Guntun aiki ne da wani ya rubuta, kowa ya ɗauka ya yi gini a kansa, kuma wannan shi ne ke kai sauti ga lasifika. Dokar rumbu ita ce kowane laburare kwafi ɗaya tak, don in an sami rami a toshe shi sau ɗaya kowa ya huta. Shi kuwa marubucin manhajar, wanda 'Yar Tela ta laƙaba wa Sarkin Gaggawa, ya ga wani aibi a laburaren: in aka zare abin sauraro daga kwamfuta, muryar sai ta mutu. Maimakon ya jira mai shi ya gyara, sai ya kwafe laburaren gaba ɗaya, ya yi nasa reshen, ya rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa na ɗan lokaci ne, har a karɓi gyaransa. Ta duba kwanan watan rubutun. Shekara huɗu da wata biyu.

Zuciya ta kawo mata iya wuya. Ta zauna a kan kwalin takardu ta rubuta masa, da ladabin da ta matso da ƙyar, tana tambaya ina aka kwana. Amsa ta zo kafin shayinta ya huce.

"Ai mu mun tura gyaran tuntuni, su ne suka yi kunnen uwar shegu. Ki saka reshenmu a cikin ƙunshin kawai, kowa haka yake yi."

Kowa haka yake yi! Ta karanta sau biyu, ta ajiye wayar a kife don kada ta rubuta abin da za ta yi nadama. Ta bi sawun gyaran da ya ce ya tura, ta same shi a shafin mai laburaren, wani dattijo da ke riƙe da aikin shi kaɗai tun kafin ta san kwamfuta. Layi goma sha ɗaya ne duka duka. A ƙarƙashinsa ga amsar Dattijo, kwana biyu kacal bayan an tura: gyaran ya yi kyau, a haɗo da ɗan gwajin da zai nuna yana aiki, shi kuma zai karɓa nan take. Daga nan shiru. Sarkin Gaggawa bai sake leƙo shafin ba, reshensa na yi masa aiki, me zai dawo yi? Shekara huɗu Dattijo na jiran gwaji, shi kuma yana gaya wa duniya an ƙi kula shi.

Abin da ya fi ci mata rai kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Reshen bai shiga rumbu da ƙafarsa ba. Ita ce shekara huɗu da suka wuce ta roƙi Mai Gadi ya ɗaga ƙafa, ta rubuta masa da hannunta cewa marubucin ya ce na ɗan lokaci ne. Ba ta tambayi wane lokaci ba, ba ta sa rana ba, ba ta sake waiwayar maganar ba. Manhajar na magana, Yaya na aiki, sai ta bar kaza cikin gashinta.

Mahaifinsu ya faɗo mata a rai. Yakan kama tufa da farin zare mai manyan taku kafin ya hau keken ɗinki, kuma ba ya taɓa barin riga ta fita daga shagonsa sai ya zare farin zaren nan tas. In wani a cikinsu ya ce a bar shi ai yana riƙewa, sai ya ce, "Shi ya sa yake da haɗari. Da ba ya riƙewa, ai da kun ɗinke."

Da yamma ta biya ta gidan Yaya. Ta same shi a falo, abin sauraro a kunne ɗaya, muryar na zuba da saurin da ita ba ta tsintar ko kalma.

"Auta, wannan takun naki na faɗa ne. Wa ya taɓa ki?"

"Babu kowa, Yaya. Yaushe za su sabunta muku kwamfutoci?"

"Mako biyu masu zuwa, kafin jarabawa. Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Zauna ki sha ruwa."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ita kwana huɗu aka ba ta. Talata da hutun rana ta rubuta gwajin da aka shekara huɗu ana jira, bai ɗauke ta awa ɗaya ba, kuma wannan ma ya ƙara mata haushi. Ta tura wa Dattijo. Laraba da safe ya karɓa, har da godiya, ya ce zai fitar da gyararren laburaren a ranar tunda an matsu. Ta yi hamdala, ta ɗora manhajar a kan laburaren asali, ta danna. Ta ƙi ginuwa.

Ashe Sarkin Gaggawa bai tsaya a layi goma sha ɗayan ba. Tunda reshe ya zama gonarsa, duk abin da ya ga dama ya shuka a ciki, ba tare da ya tura wa kowa ba. Yawancinsu tarkace ne, ta share su. Ɗaya ne ya tsaya mata a maƙoshi. Laburaren asali yana da iyakar saurin murya, shi kuwa ya fasa iyakar a reshensa ta hanyar da ta taɓa wurare da yawa, ciki har da inda ɓarakar take. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne, kuma Dattijo ba zai karɓe shi a gurguje ba, da gaskiyarsa. Ta sake rubuta wa Sarkin Gaggawa. Ya ce yana wani sabon aiki yanzu, amma yana maraba da gudummawa.

Ta koma ga Mai Gadi, ta ajiye girman kai, ta ba shi labarin Yaya, ta roƙi ɗagin ƙafa na fitowa ɗaya. Ya liƙo mata wasiƙarta ta shekara huɗu, bai ƙara ko kalma ba sai tambaya ɗaya: "Za ki sa wa yayan naki manhaja mai rami a kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai?" Ta so ƙwarai a ce mugu ne, da ta sami inda za ta sauke fushinta. Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa.

Alhamis ta yanke abin saurin. Juma'a kafin azahar manhajar ta ginu a kan laburaren asali, ta shiga rumbu, aka rufe ƙofa tana ciki. A shafinsa Sarkin Gaggawa ya sanar cewa yanzu manhajarsa ba ta buƙatar reshe, mutane suka yi ta tura masa jinjina.

Bayan mako biyu Yaya ya kira ta ta zo makaranta. Ofishin malamai ya watse, saura shi da tulin aikin ɗalibai a kwamfuta. Ya zare abin sauraron, muryar ba ta mutu ba, ta ci gaba ta lasifika. Sai dai tana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har ita 'Yar Tela tana jin komai sarai.

"Abokin nawa ya tsufa ne, Auta? Na danna sauri har ƙarshe, iyakarsa ke nan. Takarda ashirin nake gamawa kafin a tashi, yau takwas na yi."

Ta ja kujera ta gaya masa komai, har da wasiƙarta, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba. Ya saurara yana murza wayar abin sauraron a yatsunsa. Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ta fi jin sauƙi.

"To, ya fi shiru," ya ce. "Har yaushe zai zauna a haka?"

Amsar ta zo mata a baki da kanta, mai sauƙi, mai kwantar da rai, irin wadda ta rubuta wa Mai Gadi. Ta ji ta a kan harshenta, ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Yaya. Fitowa ta gaba sai bayan wata shida, kuma sai in Dattijo ya karɓa. Wannan jarabawar dai a haka za ka yi ta."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da abin sauraron kunnensa. Ita kuma ta jawo rabin takardun a kwamfutar da ke gefe, ta ce ya cire wannan abin, ta fara karanta masa da bakinta iya saurin da harshenta zai iya.