Magaribar Baba a Cikin 'Yan Kallo

Jiya cunkoson motoci ya riƙe ni a titin Gate City Boulevard, daidai babban dandalin wasan nan mara rufi. Ƙamshin gugguru ya shigo ta taga, sai na tuna Baba, kawun mahaifiyata.

Tun wurin yana fili fetal yake zaune a unguwar. Da aka gina dandalin, duk ranar wasa sai ya fito da kujerarsa da kofin shayi, yana kallon jama'a suna wucewa. Daga hulunansu da takalmansu yake gane irin kiɗan da za a yi. Amma bai taɓa shiga ba.

Wata bazara na lallashe shi muka shiga. Muna zaune a kan ciyawa, wuri ya cika maƙil, sai magariba ta yi. Baba ya zaro darduma daga jakarsa. Na yi sauri na ce masa:

"Baba, mu fita waje mana, kada wani ya faɗa maka magana."

"Ke dai riƙe min takalmina," in ji shi.

Wani ƙaton Bature mai malafa ya dube shi, ya janye bargon da ya shimfiɗa, ya yi wa abokansa alama suka matsa. Har Baba ya sallame babu wanda ya gifta ta gabansa. Matar mutumin ma ta miƙo masa kankana mai sanyi.

A hanyar gida na tambaye shi yadda ya ga wasan.

"Kiɗan dai ba daɗi," ya ce yana dariya, "amma mutanen kirki ne."

Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haɗa shi da maƙwabta nagari a Aljanna.