Kwamfutar Da Na Saukar Ta Kasa Hawa

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni budurwa ce da ta gama karatun kwamfuta, ina zaune gidan yayata a unguwar Gwallameji, kaina cike da cewa na iya. Wani kamfani na waje ya ɗauke ni aikin gwaji daga gida, da sharaɗin in na kammala aikin farko za a riƙe ni, in na kasa a ba wani. Suna ƙera haifabaiza ne, wato manhajar da ke sa kwamfuta ɗaya ta ɗauki wasu kwamfutoci baƙi a cikinta. Kowace baƙuwa tana da hawa biyu: na sama shi ne kanel, mai cikakken iko, na ƙasa kuma yuza, inda manhajojin yau da kullum ke aiki ba su da ikon taɓa komai mai haɗari. Aikina shi ne in rubuta gwajin da zai sauko da baƙuwar ƙasa, ya sa ta gwada abin da aka hana ta, sannan ya mayar da ita sama ta faɗi sakamako.

Saukowar ba ta ba ni wahala ba, har na yi wa yayata alfahari. Komawar ce ta zame mini jaraba. Da zarar baƙuwar ta nemi hawa, sai ta mutu ta sake tashi, ko kalma ɗaya ba ta bari a allo ba. Na zargi wuta, na zargi zafin kwamfutata har na ɗora ta kan faranti ina mata fifita. Abinci ya daina shiga. Yayata ta ce in dai wannan ne aikin ƙasar waje, gara in zo mu buɗe shago a kasuwar Muda Lawal. Shugaban aikin kuwa ya turo saƙo cikin ladabi yana tambayar ko ya nemo wanda zai karɓa. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Akwai wata ƙawata 'yar garin Tafawa Ɓalewa da muka yi aji ɗaya, ita ma sana'armu ɗaya. Ranar Lahadi tana fitowa daga coci ta biyo ta gidanmu. Ta zauna kan tabarma ta karanta abin da na rubuta, ta tsokane ni wai na rame kamar mai jarrabawa, sannan ta tambaye ni ina baƙuwar za ta sa ƙafa in ta hau. Na duba abin da na rubuta, ban ga wurin ba. Ashe duk mai saukowa daga kanel sai ya fara tanadar wa baƙuwar wurin da za ta ajiye kayanta in ta dawo, domin daga ƙasa ba a da ikon gyara shi. Ni ko na sauko da ita ban tanada ba. Baƙuwar ta nemi hawa ta faɗi, ta nemi kai ƙarar faɗuwar wurin kanel ta sake faɗuwa a wuri guda, sai ta kashe kanta. Kamar wanda ya ja ƙofa ta kulle alhali makulli na ciki.

Muka gyara kafin la'asar. Baƙuwar ta sauka, ta hau, ta kawo sakamako: ashe haifabaizar tasu tana barin yuza ya yi wani abu da bai kamata ba, kuma babu wanda ya taɓa gani. Suka riƙe ni, har yau ina tare da su, alhamdu lillahi.

'Yan'uwana masu shiga wannan fanni, kada ku ruɗu da sauƙin saukowa, kuma kada ku zauna da damuwa ku kaɗai alhali akwai mai dubawa. Ni dai tun daga ranar, hanyar komawa nake fara rubutawa kafin in rubuta ta sauka.